Kunnuwan Zahir

Kowace safiya, kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, Zahir yakan zauna a bakin gado ya matse hancinsa da yatsu biyu, ya rufe baki, ya hura. Matarsa Shiuna takan dakata da abin da take yi ta saurara. A shekarun farko na aurensu yakan saki hancin ya ce, "Sun buɗe," ya miƙe ya nufi alwala. Daga baya maganar ta fara tsallake kwanaki. Yanzu shekara shida ke nan rabonta da jin ta. Sai dai ya hura, ya sake hurawa har jijiyar goshinsa ta tashi, sannan ya miƙo hannu ba tare da ya dube ta ba, ita kuma ta sa masa ƙwaya ɗaya a tafin hannu.

Mai nutso da kunnensa yake cin abinci. Duk taku biyu da ya yi zuwa ƙasa ruwa na ƙara danne masa dodon kunne, dole ya tura iska ta cikin hanci ta tare shi. In hanyar ta toshe, ko tukunyar iska goma ya goya ba zai wuce tsayin mutum biyu ba. Zahir kuwa shekara ashirin da uku yana jagorantar baƙi a ƙarƙashin teku, a cibiyar nutso ta otal ɗin da ke tsibirin da ke kallon nasu, tafiyar minti goma sha biyar a jirgin ma'aikata. A duk kudancin Ari, yankin da tsibiransu suke, ba wanda ya kai shi sanin inda manyan kifaye ke taruwa da sa'ar da ruwa ke juyawa. A tudu kam ba shi da wani abin a zo a gani. Gajere ne, maganarsa ba ta cika cokali ba, ko ƙusa aka ba shi ya buga sai ya lanƙwasa ta. Shiuna ta daɗe da yarda cewa rabin miji aka aura mata, ɗaya rabin na teku ne, kuma ta san wane rabin ya fi walwala.

Maganin ba wani abin tsoro ba ne, na toshewar hanci ne irin wanda ake sha don mura. Dakta Kurian na asibitin tsibiri, baƙo daga ƙetare, mutumin Kerala da ya tsufa a cikinsu, shi ya fara rubuta masa, na kwana goma. Kwana goman ne suka zama shekara shida, don duk wanda zai je Kolombo, babban birnin nan na maƙwabciyar ƙasa, ganin likita sai Zahir ya ba shi sautu. Matsalar ita ce cibiyar ba ta yarda jagora ya shiga ruwa da shi a jikinsa. In ƙarfin ƙwayar ya sake mutum yana can ƙasa, hanya ta rufe, iskar da ke cikin kunne ta rasa mafita a lokacin hawa, ga kuma baƙi shida a bayansa suna jiran ya fito da su. Saboda haka a takardar lafiyar da ake cikewa kowace shekara, a layin da ake tambaya ko kana shan wani magani, Zahir yakan rubuta a'a. Ba shi kaɗai ne mai yin haka ba, sai dai kowa da irin ɓuyarsa.

Ta Zahir, Shiuna ce ta ƙirƙiro ta, kuma har ga Allah tana alfahari da ita. Takan ɓare ƙwayoyin daga katinsu ɗaya bayan ɗaya, ta jefa katin a wutar da take ƙyafe kifi, ta zuba su a gindin gwangwanin fowa, goron nan da ake yankawa sirara a tauna da ganye. Sai ta yanko kwali daidai bakin gwangwanin ta danna a kai, ta cika saman da fowa da kanumfari. Wane namiji ne a tsibirin nan ba ya yawo da gwangwanin abin taunawarsa? Har Imthiyaz, shugaban cibiyar, wanda suka koyi iyo tare da Zahir tun ba su san wando ba, ya sha ɗiban fowa a gwangwanin nan. Shiuna ta tabbata ya san abin da ke ƙasa, amma bai taɓa zurfafa yatsa ba.

Ana nan sai ga gayyatar Higa-san. Dattijuwa ce 'yar Okinawa ta ƙasar Japan, mai shagon nutso na kanta, wadda ta shekara goma sha biyu tana zuwa hutu kuma ba ta yarda kowa ya shiga gabanta a ruwa sai Zahir. Ta nemi ya je ya yi mata wata uku a lokacin da damina ke korar baƙi daga nan, ya koya wa ma'aikatanta yadda ake karanta ruwa. Zahir bai taɓa wuce Kolombo ba. Kwana uku ya yi yana murmushi shi kaɗai, har maƙwabta suka fara tambayar Shiuna ko lafiya.

A cikin takardun da Higa-san ta aiko akwai shafi guda kan magunguna, waɗanda ba a shiga da su Japan da waɗanda sai an nemi izini tun kafin tafiya, da shaidar likita. Sunan sinadarin da ke cikin ƙwayarsa na nan a jerin. Zahir ya karanta sau biyu ya kife shafin. In ya nemi izini an rubuta ke nan, kuma abin da aka rubuta ko ba daɗe zai isa teburin cibiya. In ya tafi ba maganin, zai je ne ya tsaya a bakin jirgi yana kallon wasu na sauka. Shiuna ce ta raba gardamar. Ta ce wa zai tsaya tonon goron wani? Ta ɗauko gwangwanin madara babba, ta ware uku a rana na wata uku, ta ƙara ashirin saboda tsaro, ta yi aikinta yadda ta saba, har ta fi kyautatawa.

Abin da ba su tambaya ba, ba kuma wanda ya gaya musu, shi ne a can abin da ya fito daga itace ko gona shi ake fara dubawa a filin jirgi. Gwangwanin da ba mai yi masa kallo biyu a Ari, shi aka fara ce masa ya buɗe.

Washegarin tafiyar da la'asar, tana kankare kwakwa a tsakar gida, Imthiyaz ya yi sallama. Bai zauna ba, ko takalmi bai cire ba. Ya ce Higa-san ta kira, Zahir bai fito daga filin jirgi ba, 'yan sanda sun tafi da shi. Ta ɗauki lauya da kuɗinta. Shiuna ta ci gaba da kankarar kwakwar na ɗan lokaci, don hannunta bai ji abin da kunnenta ya ji ba.

"Maganin mura ne fa," in ji ta.

"Na sani, Shiuna."

"To ka gaya musu mana."

"Ni a wa? Ni ban taɓa gani ba."

Bayan kwana biyu suka yi magana da lauyan a wayar Imthiyaz, Higa-san na fassarawa. Mutum ne mai ladabi, kuma bai ɓoye musu komai ba. Ya ce da sinadarin nan ake dafa wata muguwar ƙwaya, shi ya sa hukuma ba ta wasa da shi. Ya ce su dubi lamarin yadda mai gabatar da ƙara ke kallonsa: mutum ya zo da ƙwaya ɗari biyu da casa'in, ba kati, ba suna, ba takardar likita, an ɓoye su a ƙarƙashin kwalin da aka yanka da gangan. Za a iya riƙe shi wajen mako uku kafin a yanke ko za a kai shi kotu, in kuwa aka kai, maganar shekaru ake yi. Abu ɗaya zai iya juya lamarin, wato takarda daga likitansa da ke nuna ciwon ya daɗe kuma ba ya iya aiki sai da maganin, haɗe da takarda daga wurin aikinsa da bayanan lafiyarsa. Da aka zo nan Imthiyaz ya kawar da kai ya dubi teku.

A rana ta biyar lauyan ya turo hoton wata 'yar takarda da rubutun Zahir, rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaguwa. Ya ce yana lafiya, ana ba shi shinkafa da kifi, kifin ba yaji. Sannan ya rubuta: "Kada ki je wurin Kurian. Na ce musu mura nake yi, a bar shi a haka, za su gaji su sake ni. In kika je, kin san abin da kika yi."

Ta sani kuwa. Ta taɓa ganinsa ba teku, shekarar da zazzaɓin sauro ya kwantar da shi mako biyu. Ya warke a kwana biyar, sauran kwanakin ya yi su yana zaune ya fuskanci bango, ba ci, ba hira, 'yarsu Zulfa ta daina shiga ɗakin don tsoro. Ranar da ya koma ruwa ya dawo da waƙa a bakinsa. Saboda haka Shiuna ta bi umarninsa. Kwana tara tana wuce ƙofar asibiti a hanyarta ta zuwa kanti ba ta ko waiwaya.

Tsibiri kuwa ba ya riƙe magana. Kafin mako ya zagayo, matan da ke zama a kujerun raga ƙarƙashin itacen bakin masallaci sun gama shari'ar. An kama mijin Shiuna da ƙwaya a ƙasar waje, dama shirun nan nasa ba na banza ba ne, dama an ga idonsa ja. In ta doso sai su yi mata sannu da murya mai taushi, su tambayi lafiyar Zulfa. Zulfa da ke shirin jarrabawar fita sakandare ta daina zuwa darasin yamma. Wannan bai ƙona wa Shiuna rai kamar 'yar takardar nan ba. Ta karanta ta har ta haddace. Ya ambaci kifi, ya ambaci Kurian, bai ambaci 'yarsa ba. Mutumin ya zauna a ɗaki mai ƙofar ƙarfe ya auna shekarun da zai iya yi nesa da su, ya auna teku, ya ga tekun ya fi nauyi. Ta ji haushinsa irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashin haushin ta san hannun wa ya yanka kwalin.

A rana ta goma sha huɗu lauyan ya sake kira. Ya ce mai gabatar da ƙara ya tambayi Zahir wace irin mura ce ke sanar da mutum tun kafin ta zo cewa za ta yi wata uku. Saura kwana bakwai, fassarar takardu kuma na cin biyu.

Da safe ta yafa mayafi ta tafi asibiti. Dakta Kurian ya sallami mai hawan jinin da ke gabansa, ya rufe ƙofa, ya ɗauko fayil ɗin da ke kan teburinsa tun kafin ta shigo. Ya ce mako biyu ke nan yana jiran ta. Ya ce zai rubuta, amma in ya rubuta duka zai rubuta, har da cewa shekara biyar da suka wuce ya gargaɗi Zahir kada ya yi nutso da maganin nan, ya ƙi ji.

"Wata guda kawai na roƙe shi," in ji likitan. "Wata guda ba ruwan gishiri, ba ƙwaya. Na ce masa mai yiwuwa hancin ya saki da kansa, don rabin toshewar su biyun ne ke riƙe da ita. Ya ce mini watan nan kifaye masu fukafukai na zuwa. Kowane wata da abin da ke zuwa."

Ya rubuta a gabanta, yana karantawa a hankali. Da ya zo layin ƙarshe, inda ya ce ciwo ne da zai iya sauƙi in an huta, Shiuna ta ɗora hannu a kan takardar. Lauya ya ce sai an nuna ba ya iyawa sai da maganin. In aka ce hutu zai warkar da shi, mai gabatar da ƙara zai tambaya me ya hana shi hutawa maimakon ɓoye ƙwaya a gwangwani.

"Likita, cire wannan. Rubuta cewa ba ya warkewa."

"Ban san haka ba, Shiuna."

"Shekara shida, ka ga ya warke?"

Kurian ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya tambaye ta ko ta san takardar nan ba Japan kaɗai za ta je ba. Ta ce ta sani. Ya ɗauki sabuwar takarda ya rubuta cewa ciwo ne na dindindin, a shekara shida bai nuna alamar saki ba, kuma majiyyacin ba ya iya daidaita kunnensa sai da magani. Ba ƙarya a ciki, layi ɗaya kawai ya rage. Ya buga hatimi ya miƙa mata bai dube ta ba.

Ta hau jirgin ma'aikata na ƙarfe goma. Ba ta taɓa shiga cibiyar ba sai ranar. Ga kayan nutson Zahir a rataye a ƙugiyarsa, da sunansa rubuce a wuyan rigar. Imthiyaz ya karanta takardar a tsaye, ya sake karantawa.

"Kin san in na sa hannu a bayan wannan, na gani ke nan."

"Shekara shida kana gani."

"Da ido. Ido ba ya zuwa wurin masu inshora, takarda na zuwa." Ya buɗe durowa ya fito da takardun lafiya guda shida, kowace da a'a ɗinta da sa hannun Zahir. "Da waɗannan za ta tafi. Bayan haka ba likitan nutso a ƙasar nan da zai sa masa hannu, kuma ba cibiyar da ba za ta ji ba. Mu nawa ne duka a sana'ar nan?"

Ta ce ya sa hannu. Ya sa. Ya fara cewa akwai aiki a ɗakin cika tukwanen iska, albashin bai kai ba amma yana nan kusa da ruwa, ta ce masa don Allah ya bari.

A rana ta ashirin da ɗaya aka sake shi. Ba a kai shi kotu ba, aka riƙe ƙwayoyin, aka raka shi har ƙofar jirgi. Higa-san ta kira tana kuka tana ba da haƙuri, ita da ba ta yi komai ba. Ya kwana biyu a hanya, ya iso a jirgin ruwan da ke tasowa daga Male, babban birni, ranar Alhamis. Shiuna ta tsaya da Zulfa a bakin gadar da jiragen ruwa ke tsayawa. Ya rame, ya yi haske, zoben da gilashin nutso ya zana masa a fuska shekara da shekaru ya kusa gogewa. Ya rungume 'yarsa, ya gaisa da mazan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki jakarsa ya yi gaba. Ta bi shi a baya.

Ta dafa masa garudiya, romon kifin da ya fi so, da shinkafa da lemon tsami da barkono mai yawa. Ya cinye tas, ya yi mata godiya irin ta baƙo. Da Zulfa ta kwashe kwanuka ya ce lauya ya nuna masa takardar kafin a miƙa ta.

"Na dindindin," in ji shi. "Kurian ba ya rubuta irin wannan kalma. Shi kullum mai yiwuwa ne."

"Ni na sa shi."

Ya gyaɗa kai. Ta zauna tana jiran faɗa, ta shirya amsarta tun mako guda, ta shirya ta ce masa ya dubi 'yarsa, ya dubi shekarun da zai yi a ɗaure. Bai ba ta dama ba. Ya tashi ya wanke hannu, ya ɗauki wasiƙar sallama daga otal da ke jiransa a kan tebur, ya karanta, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

Da asuba ta riga shi tashi. Tana ninke zanen gado ta ji ya zauna a bakin katifa. Ba ta juya ba, amma hannunta ya tsaya da kansa. Ta ji ya ja numfashi, ta ji shirun da ke biyo baya in ya matse hanci. Ba gwangwani a gidan, ba ƙwaya, ba kuma inda za shi, jiki ne kawai ke yin abin da ya saba. Ta jira hurawa ta biyu, mai ƙarfin, wadda ke tayar masa da jijiyar goshi.

Ba ta zo ba. Ta juya ta gan shi zaune, hannunsa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa. Kwana ashirin da uku ba ruwan gishiri, ba ƙwaya.

"Sun buɗe," in ji shi a hankali. "Duka biyun."

Ya miƙe ya tafi alwala. Shiuna ta tsaya da zanen a hannu tana jin ƙarar ruwan buta a tsakar gida, can kuma a bakin gada jirgin ma'aikata ya tayar da inji.